Ƴar Mai Korar Hadari

Lahadi, 8 ga Yuli, 1984

Yarinyar nan ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. Jiya aka kira sunanta a rediyo, ita ce ta farko a lissafi duk makarantarsu. Matan unguwa suka cika tsakar gida, wata har ta fara guɗa, sannan ta tuna gidan takaba ne, ta haɗiye. Ni na shige ɗaki na tura ƙyaure, yadda ya kamata uwar ƴar fari ta yi. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yaba ta gaban mutane ba. Haka iyayenmu suka yi mana. A ɗakin na cusa bakin zane a baki don kada a ji ni.

Malam, babanta, bai gani ba. Ana saura ƴan kwanaki a kama azumi ciwon ƙirji ya tafi da shi.

Talata, 10 ga Yuli

Hadari ya haɗu gabas, baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi. Ko ɗigo.

Maƙwabciyata Tani ta kawo mini maganar da ake yi a famfo. Wai balan-balan ɗin Malam ne suka koya wa hadari gudu. Shekara ashirin yana aikin auna iska a filin jirgi, kowace safiya ya saki balan guda sama, ya bi shi da madubin hangen nesa don ya san inda iska ta nufa. Iyakar laifinsa ke nan. Yanzu sun raɗa masa suna, mai korar hadari. Na ce, Tani, koma ki gaya musu mai korar hadarin yana kabari tun kafin azumi, ina ruwan? Ta ce, ke dai bakinki bai shiga takaba ba.

Asabar, 14 ga Yuli

Malamin lissafinsu, Malam Alkasum, ya zo. Yana zaure, ni ina bayan ƙyaure. Ya ce da irin sakamakonta gwamnati za ta ɗauki nauyin karatun, kuma ita jirgin sama take so. Ba tuƙi ba. Na sake tambaya don in tabbatar. Ƙira.

Ya ce akwai makaranta a Yamai inda ake koyon yi wa jirage jagora daga hasumiya, da karatun iska da gajimare irin na ubanta amma mai zurfi. A Faransa sai an yi shekara biyu ana lissafi zalla, sannan jarrabawa, wanda ya faɗi ya dawo hannu rabbana. Rasha kuwa shekara guda ta koyon harshe, sai biyar na fiffike da inji, zuwa gida sai in Allah ya yi.

Ni Yamai kawai kunnena ya riƙe. Mota na zuwa can, kuma Tani na da ƙanwa a garin.

Alhamis, 19 ga Yuli

Yaya Ɗan Azumi, wan Malam, ya iso daga Tirmini da matarsa Shatu da yara. Shuka ta uku ta ƙone, rumbu wayam. Na ba su ɗaki biyu. Gidan ƙanensa ne.

Shi ne waliyyinta yanzu, takardar karatun sai da hannunsa. Da aka gaya masa sai ya ce a ƙauye ba ya iya zama dandali saboda maganar ƙanensa, yanzu kuma ƴar za ta ƙero jirgin dungurungum? Ta shiga makarantar malamai nan Damagaram, a rufa wa juna asiri.

Ya kamata in yi shiru. Ban yi ba. Daga bayan labule na ce, Yaya, a saba'in da uku da aka yi fari, kai ka zo nan ka auni gero da albashin balan ɗin, ba ka ce yana warin hadari ba. Ya ce, ke uwarta ce, ba ki da baki a kanta, ina kunya? Sannan ya yi wata ƴar dariya, ya ce, to, ranar da kika kira ta da sunanta gaban mutane kika ce ta tafi, ranar zan dangwala hannu.

Ya san abin da ya faɗa.

Lahadi, 22 ga Yuli

Na gwada kiran sunan ni kaɗai a ɗaki. Ya zo maƙogwaro ya tsaya, kamar ƙashin kifi. Amma zan yi, ko don masu magana a famfo.

Jumma'a, 27 ga Yuli

An fita roƙon ruwa, maza sun juya riguna bai-bai. Sun dawo da ƙishirwa.

Laraba, 1 ga Agusta

Muna tankaɗen jar dawar taimako, ni da ita, ba ta ɗago ba ta ce, Inna, Rasha na zaɓa.

Na ce wa ya tambaye ki. Can kuma na ce, Yamai fa? Ta ce a Yamai za ta riƙa gaya wa jirgin wasu inda zai sauka ne. Ita so take ta san abin da ke riƙe shi a sama. Wai ta taɓa tambayar babanta, ya ce shekara ashirin yana kallon su suna tashi, bai sani ba, in ta gano ta zo ta gaya masa.

Shekara shida. Ƴaƴa uku na binne bayanta, sannan Malam. Ita kaɗai Allah ya bar mini. Na ci gaba da tankaɗe har rariya ta yage.

Asabar, 4 ga Agusta

Ba zan kira ba. Kowa zai ɗauka kunya ce. Yau kunya ta yi mini rana.

Laraba, 8 ga Agusta

Malam Alkasum ya aiko, ranar Litinin ashirin ga wata za a rufe karɓar takardu. Na ce na ji.

Ita ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa da na samu abin yi wa faɗa. Tana wanke ƴaƴan Shatu, tana dakan da ba nata ba. Jiya na ga ta jera littattafanta cikin akwatin ƙarfen babanta ta tura ƙarƙashin gado. Haka shi ma yake, in abu ya yi masa ciwo sai ya hau gyaran kaya.

Talata, 14 ga Agusta

Shatu ta yabe ni. Wai ashe dai ni ƴar mutunci ce, zuciya ce ta ɗebe ni rannan. Sai na ji kamar ta watsa mini ruwan kanwa.

Da la'asar na jiyo Yaya a zaure yana gaya wa baƙinsa gidan nan ya huta da maganar jirgi, wataƙila yanzu Allah ya dube mu da ruwa. Suka ce amin.

Ashe haka ne. In ta zauna aka yi ruwa, sun yi gaskiya, Malam ya tabbata mai korar hadari har a kabari. In ba a yi ba, su nemo wani. Ita kuma ta tsufa tana kallon sama kamar ubanta, ba ta sani ba. Kuma ba Yaya ne ya hana ta ba. Wannan ban gaya wa kowa ba, ko Tani.

Jumma'a, 17 ga Agusta

An sauko masallaci, zaure cike da maza, tsakar gida cike da mata. Tana bakin murhu. Na fito ƙofar ɗaki da zanen takabata, na kira.

Ba ta juyo gare ni ba. Wajen Tani ta duba, don ba ta taɓa jin sunan da muryata ba. Tani ta nuna ni da haɓa, tana hawaye, shashasha. Na sake kira, da ƙarfi yadda zaure zai ji. Na ce ki tafi Rasha, ki koyo, na yarda duniya da lahira. Ludayin ya faɗi daga hannunta.

Shatu ta rufe baki. Wata tsohuwa ta ce zamani ya zo ƙarshe. Na ce mata ai ya daɗe da zuwa, Iya, ruwa kawai ya rage.

Yaya ya ce a kawo takardar. Aka kawo. Ya dangwala, ya goge yatsa a gefen tabarma, ya ce magana ɗaya yake yi, Allah ya ba mu ruwa duk da haka. Na ce amin, kuma har zuciyata.

Talata, 11 ga Satumba

Ta tafi. Takaba ba ta bar ni zuwa tasha ba, a zaure na tsaya. Na ɗura mata kuka da daddawa da bargon Malam. Ta durƙusa, na ce tashi kada mota ta bar ki. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Litinin, 8 ga Oktoba

Na fita takaba makon jiya. Damina ta wuce ba a yanke ko zangarniya ba a Tirmini. A famfo an daina maganar Malam, yanzu wai wani mai rijiya ne a unguwar Garagumsa.

Da safe na je gaida masu gaisuwa, hanya ta bi da ni ta gefen filin jirgi. Ba don komai ba. Wani ma'aikaci ya fito ya saki balan. Na tsaya a bakin waya ina bin shi da ido har ya zama ƙwayar gero, har ya ɓace. Arewa ya yi.

An ce can ruwa na daskarewa a randa. Bargo ɗaya ba zai isa ba, Balki ba ta jure sanyi tun tana goye.

Balki. Bari in tashi, tuwo zai kama.