Gonar da mamarki ke kwance

Ladi 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Legas, yaya maigidanki da jikokina? Ni da kaji muna lafiya.

Kotu ta ba Bulus maƙwabcinmu gonar cittarmu, ko sammaci ban gani ba. Da ilimina na aji uku na ce ai mataccen hukunci ne, na ci gaba da nomana. Yanzu lauya a Kafanchan ya ce, "Baba, ko matacce da wuri ake binne shi. Lokacin ƙorafi ya wuce, sai roƙo."

Ki gai da kowa, ku yi addu'a alƙali ya saurare mu. In gonar ta tafi, da kabarin mamarki za ta tafi. Wa zan riƙa cika wa kunne da yamma?

Babanki, babban lauyan Fadan Kaje