Salisu, Ka Duba Mana Ɗigon Nan

Zuwa ga ƙanena Salisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin ƙasarku. A nan damina ta zauna, gero ya kai ƙugu, gyaɗar gonar gabas kuma ta rufe ƙasa.

Ka yi haƙuri da na shimfiɗa wasiƙar nan a bainar jama'a. Shekara uku ke nan lambata ba ta shiga wayarka, kuma na san ba laifin sabis ba ne. Na tabbata cikin masu karantawa akwai wanda zai miƙa maka.

'Yarka ce ba lafiya, ta farin gidana, wadda ka riƙa goyawa a keke zuwa firamare. Tun bayan ƙaramar salla take zazzaɓi. Ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro har sau uku. Daga baya dasashinta ya fara jini, ta yi fari fat, ba ta iya ɗaga tulu. Daga Bici aka tura mu Kano. Likitar da ke duba ta ta ce tana zargin sankarar jini, amma sankarar iri-iri ce, kowace da maganinta, kuma ba za ta fara ba ta magani a kan zato ba.

Sai aka ɗebi ɓargonta aka kai wa na'urarka. Na ce taka, domin tun kana makarantar kimiyya a Dawakin Tofa ba ka da zance sai ƙwayoyin jini. Na leƙa ta taga na gan ta: wani akwati ne fari, bai kai firij ɗin mai sayar da zoɓo ba. Ma'aikacin ya yi min bayani, ban ce masa na taɓa karantawa ba. A shafa wa ƙwayoyin launi, a sa su bi layi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken lesa, kowace ta wuce a rubuta ta. Daga ƙarshe allo ya cika da ɗigo-ɗigo, sai masani ya zagaye wani gungu da layi ya ce waɗannan lafiyayyu ne, waɗancan su ne ɓarayin.

Na'urar ta yi nata aikin. Masanin ne babu. Ya bi sahunku zuwa ƙasar waje tun bara. Akwai manhajar da ke jan layin da kanta, amma lasisinta ya ƙare, tana kulle. Likitar ta kalli allon ta ce akwai wani gungu da ya tsaya a tsakani, kuma ba za ta rantse a kansa ba.

Na tambayi sunan dabarar da ke cikin manhajar. Da aka faɗa, na ji taka ce, sai na nemi benci na zauna.

Ka tuna ranar da kwafin takardar mallakar ƙirƙirarka ya iso. Shafi talatin da wani abu, da sunanka na uku a jerin mutum huɗu. Na karanta ta tsaf, Salisu, wannan ban taɓa gaya maka ba. Sau biyu na karanta, da ƙamus a gefe. Amma da yamma a zaure, da mutane suka taru, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ƙanena ya yi shekara tara a ƙasar ƙanƙara ya gano yadda ake jan iyaka, abin da Baba yake yi da saiwar gamba ba tare da digiri ba. Na ce har rajista ya yi mata, yanzu duk wanda zai raba gonar gado sai ya nemi izininsa. Aka yi ta dariya. Wani ya naɗa a waya ya jefa a zauren hirar dangi na waya. Washegari ka fita daga zauren.

Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce bakina ya fi ƙafata sauri. Da tana raye da ta ƙara da wani abu.

Na san takardar ba a hannunka take ba, ta kamfani ce, kuma ba ka da makullin buɗe manhajar daga can. Ba shi nake roƙo ba. Kafin ka koya wa kwamfuta jan layin, da idonka kake ja. Idon nake so. An zuba min bayanan a filash, wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino. Yana aljihun gaban rigata, ina shafa shi a hanyar gona, ina shafa shi a sahun salla. Shekara ashirin da biyu ina koyar da adabi, babu rubutun da ya taɓa gagara ta sai wannan.

Likitar ta ce in har masani ya duba, su yi magana kai tsaye, za ta iya fara magani ranar Alhamis. In ba haka ba, sai a sake huda ƙashin yarinyar a aika samfurin wani gari, a jira. Na ji ihunta a karo na farko daga bayan ƙofa. Kuma ban san ko jikinta zai ba mu aron waɗannan kwanakin ba.

Ba sai ka yi min magana ba. Lambar uwarta ba ta canza ba. Ka ce mata inda za a tura, ita za ta haɗa ka da likitar. Fushinka ka riƙe shi, na ci bashinsa da bakina, in ta warke ma ka ƙara wasu shekara ukun.

Wani abu ya faru a wurin yankar kati. Ma'aikaciyar ta tambaye ni sunan mara lafiya. Na waiwaya ina neman wanda zai faɗa, kamar yadda na saba tun ranar sunanta, sai na ga ni kaɗai ne a layin daga gidanmu. Shekara goma sha tara ban kira sunan nan ba. Na faɗe shi a hankali, matar ta ce ba ta ji ba, sai da na maimaita.

Allah ya sa saƙon nan ya same ka kafin Alhamis. Allah ya haskaka maka abin da ke cikin ɗigon nan, ya sa mai sauƙin ne. Allah ya tashi kafaɗar Hafsatu.

Wassalam.

Yayanka,
Auwalu