Zaman Makokin Tanti Roseline

Yaya Rachida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Bayan haka, Tanti Roseline, maƙwabciyarmu ta Maradi wadda ta sauke ni da na iso Greensboro, ta rasu jiya. Kafin ta cika ta roƙe ni in shimfiɗa tabarma a gidanta na McLeansville, in karɓi gaisuwa kwana uku irin na gida, don 'ya'yanta ko an yi masu Hausa da Turanci suke amsawa. Na amsa mata. Kirista ce, Yaya. Me mutanen masallaci za su ce?

Wani tsoho ɗan Iran da muke gyaran mota tare ya ce kakanninsu "tarsa" suke kiran Kiristoci, daga "tars", wato tsoro, ma'ana mai tsoron Allah. Wai wasu na ganin daga masu kaɗaita don ibada sunan ya faro. Maganar ta yi min daɗi, amma ba ta ƙara min ƙarfin gwiwa ba.

Ki gaida Inna.
Ƙaninki, Habibou

Habibou,

Muna lafiya, Inna na amsawa. Haba, sai ɗan Iran ya gaya maka Tanti na tsoron Allah? Wa ya ɗebo mana ruwan wankan gawar Baba? Tuwonta da ka ci shekara guda, ka tambayi masallaci? Ba coci ta ce ka shiga ba, tabarma ce. Tashi ka je.

Yayarka, Rachida

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je da tabarmi a bayan mota. Na tsaya bakin hanya ina kallon ƙofar, ina cewa gobe. Da na koma, 'ya'yan sun kulle gidan, kowa ya koma garin aikinsa. Ba wanda ya hana ni, Yaya, ko mutum ɗaya ban tambaya ba. Kunya ta ishe ni.

Ki yafe ni.
Habibou

Habibou,

Gaisuwa. Mun yi mata zaman a zaurenmu, unguwa ta cika, har liman ya zo. Inna ta tambaya wa ya zauna mata a can, na ce kai. Ta yi ta sa maka albarka. In ka kira ta, kada ka ƙaryata ni.

Allah ya bar zumunci.
Rachida