Kwamfuta Ba Ta Son Kewaye-kewaye

Yaya Muntaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da su Luba. Yaya damina? Geron bayan gida ya fitar da kai kuwa?

Ni lafiya lau nake a Legas, kar ku damu. Oga yana koya min neman sunayen kwastomomi a kwamfuta. Kai za ka rubuta mata tambaya, ita ta nemo. Tawa kullum sai ta daɗe, har mutane su gaji a layi. Jiya ya nuna min wani zane na hanyar da take bi kafin ta amsa. Wallahi Yaya, ashe gida-gida take shiga, kamar baƙon da bai tambayi mai unguwa ba! Wai laifina ne, ina cewa ta kawo kowa da komai. Ni kuma ka san haka aka rene mu, ba a faɗin buƙata kai tsaye. Oga ya ce in ban gyara ba, wani zai ɗauka a madadina.

To, bari in gwada a kanka. Sau ɗaya nake cin abinci a rana. Ka aiko min da gero ta hannun direban Bici, kuma kar Inna ta ji.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Ja'afaru