Kunyar Inno

Daga Kurawa, Sabon Birni
Zuwa ga Malam Attahiru, ma'aikacin jinya a asibitin Isa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, wa ya ba ku izinin ce wa kakata Inno mahaukaciya? Ɗan kabu-kabu ya kawo mini labari. Karayar ƙafa muka kai muku. Mantuwar tsufa ke gare ta, ba hauka ba. An ce ta rame kamar shanun bana. Ba don 'yan sauran dabbobinmu da nike bi da su rijiya-rijiya ba, da kun gan ni.

A huta lafiya.
Kalilu

Daga Isa

Wa alaikumus salam, Malam Kalilu, tare da fatan alheri. Wasu abokan aikina kan faɗi haka, ban musa ba. Ƙafa tana ɗinkewa, amma Inno ta ƙi abinci. Kullum ni ke tsaye kanta da cokali. Da ta gan ni sai ta ja mayafi ta juya wa bango, ta ce a yi wa mutanen Gatawa shimfiɗa. In ta ƙi, sai in miƙa wa wani, ka san tsadar gero a farin nan. Ina jin tsoro.

Naka,
Attahiru

Malam Attahiru,

Gaisuwa. Kai dogo ne mai wushirya, ko? To haka marigayi babana Bawa yake, mijin ɗiyarta, kuma mutumin Gatawa ne. Ta ɗauke ka surukinta! Ina ka taɓa ganin Bafillatana ta tauna gaban suruki? Duk bokon nan naka! Aje ƙwarya ka hita, bawan Allah, ka bar tsohuwa ta ci.

Sai na ji ka.
Kalilu

Malam Kalilu,

Barka da ƙoƙari. Na ajiye, na fita. Ta shanye furar tas. Yanzu daga bakin ƙofa nake cire takalmi in durƙusa in gaishe ta, ana yi mini dariya. Jiya ta aiko mini cewa ta ba ni jar karsanarta. Me zan ce?

Naka,
Attahiru

Baba Bawa,

Ina gaisuwa, tunda haka ta naɗa ka. Jar karsanar ta mutu tun farin bara. Kar ka gaya mata, ka ce ka gode. Masu dariya kuwa, za ni zo ran kasuwa, su tsaya gaban majinyata duka su ba ni amsa: wace mahaukaciya ce yunwa ke kashewa, amma ba ta manta da kunya ba?

Ɗanka,
Kalilu