Itacen Masu Jego

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaiki, Inna. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Ko da kina raye ma sai dai in zauna bakin ƙofarki in karanta miki, kina kaɗi kina gyaɗa kai. Damina biyu ke nan da muka kai ki makwancinki, kuma akwai maganar da ta ƙi barina in huta.

Gida lafiya. Hauwa ƙanwata ta sake haihuwar namiji. Tudun Wada ta cika, Inna, ba za ki gane ta ba. Kin tuna lokacin da muka sauka nan bayan rasuwar Baba, sa'ad da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba? Bukkoki ne tsilla-tsilla da dangar kara, kowa baƙo ne, wannan daga Katsina, wancan daga Bida. Yanzu inda kike kafa tukunyar kokonki don leburorin jirgi wani tela ya gina shago. Nakan bi ta wurin da gangan, in ji kamar zan jiyo ƙamshin ƙosanki.

Gonarki ta bayan Tudun Jukun ta yi kyau bana, ɗorawar ma ta zuba. Ban manta ranar da kika tara malaman unguwa kika shaida musu cewa gonar nan waƙafi ce ba, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta na jama'a ne. Ranar na yi fushi, ban dai faɗa miki ba. Ina ganin guminki ne, don me wasu za su ci?

Har yanzu muna yin rabo kamar yadda kika tsara. Bayan an cika rumbu, sai masu aikin gayya su zo zaure. Malam Isiyaku yakan zo a madadin masu haƙa kabari da ɗinka likkafanin wanda ba shi da kowa, masu yasar rijiyar unguwa su turo babbansu, Malam Garba ya zo don makarantarsa. Da can kina zaune bayan asabari kina tambayar kowa abin da suka yi da na bara, da abin da ya gagare su. Ba kya ba mutum don shi kaɗai. Kikan ce a nemo waɗanda suka riga suka haɗa kai suna aiki da hannunsu, a ƙara musu ƙarfi. Kuma kullum kaso mafi tsoka na Goggo Lami ne da tsofaffin matan nan da ke yi wa matan baƙi wankan jego: gero, kanwa, da dawar da za a musanya da itace. Ban taɓa gane dalili ba. Ban kuma tambaye ki ba.

Ga abin da na yi, Inna. A rabon farko bayan rasuwarki, ni ne na zauna a wurinki. Na ga kwanon rufi a kantin Turawa, sai zuciyata ta raya mini in rufa masallacinmu da shi, ya zama na farko a unguwa, a riƙa cewa gidanmu ne suka yi. Na yanke kason su Goggo Lami na sayo kwanon, na ba ta kwando biyu na gero na ce ta yi haƙuri sai baɗi. Ba ta yi mini musu ba. Ta dube ni, ta yi godiya, ta ɗauka.

Da sanyi ya shigo, matar wani lebura mutumin Bauchi ta haihu a ɗakin haya. Ba uwa, ba ƙanwa, mijin yana can ana gyaran hanyar jirgi. Su Goggo suka yi mata wanka kwana tara, itace ya ƙare. Zazzaɓi ya kama mai jegon, ƙafafunta suka kumbura. Goggo Lami ta sayar da akuyarta, wadda ita kaɗai ta mallaka, ta sayi itace. Da wannan ma ya ƙare, ta cire dangar gidanta ta hura. A bakin Hauwa na ji, ni kuwa ina can ina auna tsawon masallaci.

Na je gidan Goggo da hantsi. Gida a buɗe kamar kasuwa, mai wucewa yana hango tukunyarta. Na durƙusa a gabanta. Ita ce ta ba ni labarin da ba ki taɓa ba ni ba. Ta ce a kan hanyar fatauci kika haife ni, a wani zango kusa da Kwara, ayari ya wuce da Baba ya bar ki a garin da ba kya jin harshensu. Ta ce wata tsohuwa ce ta ɗauke ki ta kai ɗakinta, tana shiga daji da kanta tana yo itace, ta yi miki wanka har kwana arba'in, ba ta karɓi ko wuri ɗaya ba. Ta ce kin faɗa mata cewa ba don matar nan ba, da ke da ni babu wanda zai tashi.

Inna, me ya hana ki faɗa mini? Na sani, ni ɗan fari ne. Ko sunana ba kya kira, balle ki zauna ki ba ni labarin haihuwata. Amma shekara nawa ina ganin kina ware wannan kaso, ina ƙunƙuni a ciki, kina kuwa kallona? Kin san ina ƙunƙunin, ko? Na tabbata kin sani.

Na mayar da kwanon, Bature ya karɓa da ragi. Na saya wa Goggo akuya, na gyara mata danga da hannuna. Mai jegon nan ta warke, ɗiyarta har ta fara tafiya. Masallaci kuwa mun sake masa yaɓe, yana ɗan yoyo ta kusurwar gabas, mukan matsa idan ana ruwa. Na kuma kira Hauwa da Malam Isiyaku na ce daga yanzu mu uku za mu riƙa zaman rabo, kada a sake barin mutum ɗaya da rumbun nan, ko da ni ne. Bana su Goggo sun yi wa mata da yawa jego, har da matar wani akawu Bayarabe. Ranar Alhamis ni nake kora jakin itace zuwa gidan Goggo. Abokaina suna yi mini dariya, ban damu ba.

Ki yafe mini, Inna. Abu ɗaya ya rage yana damuna. Na tambayi Goggo sunan tsohuwar nan, ta ce ke ma ba ki taɓa sani ba, Iya kawai kike ce mata. Saboda haka duk bayan salla, idan na roƙa miki gafara, nakan ƙara da cewa da Iya, Allah ya san wadda nake nufi. In Allah ya haɗa ku a can, ki gaishe ta. Ki ce mata jaririn nan ya rayu, har gemunsa ya fara furfura.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa kin huta.

Ɗanki,
Sale na Tudun Wada