Gopinath Ya Daina Jin Yunwa

Debipur, watan Ashwin

Zuwa ga Yayana Nilmoni a Kashi,

Ina taɓa ƙafafunka cikin girmamawa. Uwa Ganga, koginmu mai tsarki, ta ƙara maka lafiya, ta sassauta ciwon gwiwar nan. Mu nan kalau, shinkafa ta yi kyau, Inna ma tana ɗan takawa har bakin tafki.

Yaya, maganar ɗanka Gopinath ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma raina ba daɗi. Ka san Baturen mishan ya ɗauke shi aiki, Gopi yana koya masa Bengali, wai zai juya littafin addininsu zuwa harshenmu. Tun farko ban so ba. Mutum ya bar ƙasarsu, ya ƙetare teku, ya buɗe makaranta kyauta, yana raba takardu a kasuwa, a ce ba abin da yake nema? Haba! Gopi ya ce tsoro ne ya yi min yawa, wai Baturen kamar ɗalibi yake zama a gabansa. Na ce ɗalibin da ke tambayar malaminsa me ya sa yake yi wa dutse sujada ai ya wuce ɗalibi.

Yanzu wata guda ke nan yana dawowa da rana ba ya neman abinci. Gopi fa, da ke sharɓe tukunyar wake shi kaɗai! Na tambaye shi ko yana ci a teburinsu, sai ya yi dariya, wai Baffa ya zama ɗan sanda. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Gari kuwa ya fara magana. Wanzami ya yi mako biyu bai leƙo mu ba, wai hannunsa ke ciwo, alhali na gan shi yana aske maƙwabcinmu Biswas. In dattawa suka tabbatar ya ci abincin Bature, sun fitar da shi daga dangi ke nan, ba malamin ibada da zai bar shi ya kunna wutar ƙona gawarka ranar da ka cika. Kuma shi kaɗai gare ka.

Jiya Inna ta ƙi zuba masa a farantinsa na tagulla. Ta sa masa a ganyen ayaba, ta ajiye can bakin ƙofar kicin, kamar yadda ake yi wa wanda aka fitar daga dangi. Na tsaya ina jira ya yi faɗa, ya tambayi dalili. Yaya, zama kawai ya yi ya cinye, kamar wanda ya san laifinsa. Ka taho gida, ni abin ya fi ƙarfina.

Inna tana sa maka albarka. Ka gaida Yaya Shyama da Kawu Tarini.

Ƙaninka,
Haradhan